Furannin Aro

Twila Hensley ta ɗauki hoton faɗuwar rana a bayan tsohuwar a-kori-kura har ta kai ga ba ta ganin kyan abin. A Nashville duk wanda ya samu malafa da jita da 'yar murya sai ya ce shi mawaƙin kantiri ne, wato waƙar ƙauyen Amurka, sai kuma ya nemi bidiyo. Bidiyon nan kuwa kullum guda ne: mota mai tsatsa, shingen katako, yarinya mai dogon gashi tana gudu cikin ciyawa ba takalmi, gogan kuma ya jingina da shinge yana hangen nesa kamar wanda shanunsa suka ɓata. Rabinsu ba su taɓa taka kashin saniya ba. Waɗanda manyan kamfanoni suka ɗauka suna da daraktocinsu, da motocin kaya, da mai dafa wa ma'aikata abinci. Ragowarsu ne rabon Twila. Ita ce darakta, ita ce furodusa, ita ke tuƙa motar kayan aiki, ita ke roƙon manomi ya ɗaure karensa, in an tashi kuma ita ke bi tana tsince robobin ruwa a gonar mutane. A haka ta haura hamsin. Bayanta na ciwo, aikin ma sai ja baya yake yi tun da yara suka gano cewa da wayar hannu ma ana yi.

Ana cikin haka Wade Tolliver ya zo da waƙarsa. Dogon saurayi ne mai sanyin murya, wanda sunansa ya fara tashi a rediyo, waƙar kuma ta wani ɗa ce da ya je kabarin ubansa yana ba shi labarin gida. Uban Wade dai yana nan da ransa a Florida yana sayar da kwalekwale masu inji, amma ba a taɓa fasa waƙa saboda irin wannan ba. Manajansa, wani Sutton mai fararen haƙora wanda waya ba ta barin kunnensa, ya ce shi fa ba ya son maƙabartar birni mai ciyawa a aske. Ta ƙauye yake so, a kan tudu, mai tsofaffin duwatsu da suka karkace.

Gajiya ce ta sa bakin Twila ya suɓuce.

"Irin tamu ta Sorrel Gap ke nan," ta ce.

Kafin ta rufe baki Sutton ya ce magana ta ƙare, can za a yi.

Maƙabartar Sorrel Gap tana bayan coci, mabuɗin ƙofarta kuwa yana hannun Verna, mahaifiyar Twila, tun kafin mijinta ya je ya kwanta a ciki. Ita ke tara mata su share wurin duk shekara gab da Lahadin Furanni, ranar da dangi ke dawowa daga ko'ina su ƙawata kaburburan nasu, a yi addu'a, a ci abinci a gindin itatuwa. Garuruwan da ke kewaye sun daɗe da komawa furen roba na kanti. Tsofaffin matan Sorrel Gap suka ƙi. Har yanzu da hannu suke yin nasu, da takarda mai launi da siririyar waya, su tsoma a narkakken kaki don kada ruwan sama ya ɓata, kowace da irin naɗinta.

Da Twila ta kira ta faɗi abin da ke tafe da ita, sai uwar ta jefo mata tambaya.

"Kina nufin za ku shigo da jita cikin matattu?"

"Ba jita, Mama. Shi kaɗai zai durƙusa can gefe, inda ba a binne kowa ba. Dutsen kabarin ma namu za mu kawo, na soso ne, fenti aka yi masa."

"Dutsen soso."

"E."

"Ikon Allah. Ashe wannan ne aikin da yake hana ki zuwa gida." Ta ja numfashi. "Bari in yi wa dattawa magana."

Dattawan coci suka ce a'a, ba wurin wasa ba ne. Sai Verna ta dafa sandarta ta miƙe a tsakiyar taro. Ta ce 'yarta ce, a cocin nan aka yi mata baftisma, ubanta yana kwance a kan tudun nan. Ta ce ita ta ɗauki nauyi: ba kabarin da za a taka, ba abin da za a taɓa, ko tsinke. In kuwa aka taɓa, to ita ce ta taɓa. A Sorrel Gap ba a taɓa jin Verna Hensley ta faɗi magana ta tashi ba, don haka dattawa suka dubi juna suka ce to.

"Na ba su bakina, Twila," ta ce da ita daga baya a waya. "Ba ni da gona, ba ni da wani abu a garin nan. Maganata ce kawai ake ganin girmana da ita. Kin ji ni?"

"Na ji, Mama. Ba abin da zai faru."

Ranar da Wade yake da sarari ita ce Litinin, washegarin Lahadin Furanni. Twila ta yi alkawarin zuwa tun Lahadin, a yi da ita. Amma mai ba da hayar fitilu ya ɓata mata yini, motar kaya kuma ta ƙi tashi sai da aka kira bakanike. Verna ita kaɗai ta ƙawata kabarin mijinta, kamar bara, kamar bara waccan.

Sun iso da tsakar rana, zafin watan Yuni yana dafa mutum a cikin rigarsa. Tudun ya cika da launi tun daga ƙofa har gindin itatuwan da ke can ƙarshe, ba kabarin da aka bari tsirara. Dewey, tsohon mai kyamarar da suka daɗe suna jan wahala tare, ya sauko da tumbinsa, ya tsaya yana fifita da hula.

"Twila, a nan za a binne ki?"

"In ka bar ni na kai lokacina."

"Ki nema mini gefe. Ko ba komai a nan ba wanda zai ce mini a sake ɗauka."

Suka kafa dutsen soso a filin da aka ba su, suka danne shi da buhun yashi ta baya don kada iska ta tafi da uban Wade. Daga nan sai jira. Aikin nan yawancinsa jiran rana ne, domin duk abin da ake biya a gani yana cikin ɗan hasken nan na gab da faɗuwarta, wanda ba ya daɗewa. Wade yana cikin mota mai sanyi yana barci da malafa a fuska. Sutton yana kai da komo a bakin ƙofa yana yi wa wani faɗa a waya. Twila ta bi kowa da gargaɗi: a bi ta hanya, kada a tsallaka kabari, kada a jingina da dutse.

Da rana ta fara yin ja, ta je ɗauko furannin da ta saya da safe a Nashville, na gaskiya, masu ƙamshi, waɗanda Wade zai ajiye a gaban dutsen. Tana buɗe bayan motar kaya zafi ya doke ta a fuska. Ta manta su a ciki tun safe, gilasai a rufe. Sun yi laƙwas, sun dahu kamar alayyafo.

Dewey ya leƙo ta bayanta. "Madalla. Saura gishiri da manja."

"Dewey, don Allah."

Sutton ya iso, ya duba, ya cire wayar daga kunne, abin da ba kasafai yake yi ba. "Ina kanti mafi kusa?"

"Kafin ka je ka dawo rana ta faɗi."

"Gobe Wade yana Texas. Ba gobe a maganar nan." Ya juya ya ƙare wa tudun kallo, ya yi wata 'yar dariya. "Wai ni kaɗai nake da ido? Muna tsaye a tsakiyar furanni muna kukan fure?"

"Ba namu ba ne."

"Aro ne, 'yar'uwa. Masu su ba za su kai ƙara ba, na yi miki alkawari."

Wade, wanda ya fito yana miƙa, ya ce, "Haba, Sutton, ba kyau." Iyakar abin da ya ce ke nan, ya koma gyaran wuyan rigarsa a madubin mota.

"Ki duba ranar can, tana faɗuwa," in ji Sutton, ya sassauta murya. "Sauran waƙoƙin faifan nan duk suna jiran darakta. Ni dai na faɗa miki."

Twila ta duba ranar. Masu sana'arta suna da wata al'ada da suke taƙama da ita: in an ara musu gida ko gona, kafin su motsa ko da kofi ne sai sun ɗauki hotonsa a waya, in an gama a mayar da shi daidai inda yake, mai gida ya dawo bai ga alamar an shigo ba. A wurinsu abin da aka mayar ba a taɓa shi ba. Ta yi shekaru tana kwashe hotunan kakannin mutane daga bango tana mayarwa, ba wanda ya taɓa kuka da ita. Da wannan ta lallashi zuciyarta, zuciyar kuwa ta gaji, ba ta yi doguwar gardama ba.

Da na ubanta ta fara, wai ai wannan nasu ne. Farare ne, aikin hannun Verna. Ta ɗauki hoto, ta zare su daga ƙasa, ta jera a gaban soso. Dewey ya sa ido a kyamara ya girgiza kai.

"Fari a kan ruwan toka, ba ya fita. Kamar an zubar da takardar goge hanci. In dai an yi, a yi mai launi."

Ta ɗauko rawaya daga can, jajaye daga nan, duk wanda za ta taɓa sai ta ɗauki hotonsa tukuna. Na farko ne ya yi mata nauyi, na biyu bai kai shi ba. Har ta zo kan kabarin Tobin Crabtree.

Ajinsu ɗaya da Tobin tun daga firamare, kogi ya ci shi shekarar da suka gama sakandare. Shi kaɗai Mis Ozella ta haifa. Yanzu yatsunta sun kanannaɗe da ciwon gaɓɓai, sai ta fara naɗin furanninta tun bayan Kirsimeti kafin ta iya gamawa a Yuni. Shuɗaye take yi, masu ɗigon rawaya a tsakiya, ba wanda ya iya irinsu a duk tudun. Twila ta tsaya a kansu. Idonta na mai ɗaukar hoto ya riga ya faɗa mata cewa su ne.

"Ka yi haƙuri, Tobin," ta ce a hankali. "Yanzun nan zan dawo da su."

Ta kwashe su duka. Da ta waiga, kabarin ya zama jar ƙasa da 'yan ramukan waya.

Aka kunna waƙar a sifika. Wade ya shafa ɗan man nan da ke sa hawaye a ƙarƙashin ido, ya durƙusa, ya cire malafa ya dafe ta a ƙirji, yana motsa baki yana bin muryar kansa. A daidai nan rana ta sauko bayan itatuwa, hasken ya ratso ta cikin kakin furannin, shuɗayen nan suka kama kamar an kunna musu fitila a ciki. Wade ya miƙa hannu ya shafa ɗaya da yatsa, ba wanda ya ce ya yi.

"Matsa ciki," Twila ta raɗa wa Dewey. "Hannun. Tsaya a kan hannun."

"Ina kai," ya ce, ba wasa a muryarsa.

Tsigar jikinta ta tashi. Rabon da ta ji haka a bakin aiki har ta manta. Gaskiyar magana ita ce a wannan lokacin daɗi ta ji, daɗi zalla, ba ta tuna da Verna ba, ba ta tuna da Tobin ba.

Kafin duhu ya rufa sun mayar da komai. Ita da kanta ta bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, har ramin da kowace waya ta fito ta nema ta soka ta a ciki. Dewey ya saɓa uban Wade a hammata ya jefa a mota. Su suka kama hanyar Nashville, ita ta tsaya cin abincin yamma a gida. Verna ta zuba mata wake da burodin masara, ta zauna tana kallonta tana ci.

"An gama lafiya?"

"Lafiya lau, Mama. Komai yana inda kuka bar shi."

Ba ƙarya ta yi ba, amma sai ta ɗauki shayi mai ƙanƙara ta kurɓa, ba ta kalli uwar ba. Da safe Verna ta hau tudun da sandarta, ta zagaya, ta dawo ta kira Fasto ta ce ya faɗa wa dattawa su je su gani da idonsu.

A ɗakin da take tace hotuna, can Nashville, Twila ta sake haɗuwa da hannun Wade a kan shuɗin fure, ya cika allo. Ta cire shi. Ba shi, bidiyon ya koma irin sauran, saurayi mai malafa yana kukan ƙarya a gaban soso. Ta mayar. Ta sake cirewa, ta gwada wani daga nesa, amma daga nesan ma tulin furannin yana nan, sai dai in za ta zubar da aikin gaba ɗaya. Ta ce wa kanta fure ai fure ne, wa zai tsaya dubawa. Ta san ƙarya take yi. A gaban matan nan ta girma, ta san yadda kowace ke gane naɗinta daga nesa. Ta dai gaji da yin abin da ba ya motsa kowa, ga shi sau ɗaya ta yi wanda ya motsa ta ita kanta. Ta bar shi, ta tura wa Sutton. Ya kira yana ihu, ya ce matarsa ta yi kuka.

Da kaka bidiyon ya fita, ya kuma karɓu fiye da duk abin da ta taɓa yi. Wayarta da ta saba yini shiru ta shiga ruri. A cikin masu kiran har da Verna.

"Jikokin mutane sun ce kin yi suna. Sun so su nuna mini a waya na ce a'a, idona ba ya ganin abin da ke cikin tafin hannu. Fasto ya ce ranar Lahadi bayan sujada za a sa a babban talabijin na ɗakin taro, kowa ya gani tare. Duk mun ce ba za mu kalla ba sai ran nan. Za ki zo?"

Twila ta ce za ta zo. Duk tsawon hanya tana shirya yadda za ta faɗa wa uwar kafin a shiga. Ta iske ta ta sa rigarta ta zuwa biki, ta je an gyara mata gashi, ta soya kaji cike da faranti, tana ta murmushi ita kaɗai a kicin. Twila ta buɗe baki, sai ta ji ta ce, "Kawo in riƙe miki farantin."

Ɗakin taro ya cika. An jera abinci a dogon tebur, an ce sai an gama kallo za a ci. Matan suka yi mata caa.

"Ga 'yar Nashville! Ke, ba a cin abinci ne a can?"

"Twila, yaron nan mai malafa yana da mata? Jikata tana tambaya."

"Jikarki ko ke, Mis Nadine?"

Aka sa dariya. Mis Ozella tana zaune a layin gaba kusa da Verna, hannuwanta a cinya. Ta kama hannun Twila da kanannaɗaɗɗun yatsunta ta ce, "Da ma ubanki ya ga yau, 'yar nan." Twila ta rasa inda za ta sa idonta, ta koma can baya ta tsaya jikin bango.

Fasto ya rage fitila ya kunna. Da cocin ya fito a allo aka yi tafi. Da tudun ya fito wani tsoho ya ce ga itacen da ya faɗo daga kai yana yaro. Wade ya shigo yana tafiya a hankali, 'yan mata suka yi ƙus-ƙus. Sai ya durƙusa, kyamara ta sauko kan tulin furanni.

"Kai, ga rawaya irin nawa!" in ji Mis Nadine da murna. Sai murnar ta tsaya. "A'a. Ai nawa ne."

"Jajayen can na Clovis ne," wata ta ce. "Ni na sa masa su."

Waƙar tana ta tafiya, mai daɗi, Wade yana ba ubansa labarin gida. Hannunsa ya cika allon, da shuɗin fure mai ɗigon rawaya, rana tana ratsa shi, har wurin da yatsan Mis Ozella ya danne kakin ana gani. Dewey ya iya aikinsa, ba abin da ya ɓoyu.

Aka gama. Fasto ya tsaya da na'urar kunnawa a hannu, ya rasa ko ya mayar da fitila. Mis Ozella ta juyo a kujerarta da ƙyar, tana neman Twila a cikin mutane.

"'Yar nan, wa aka binne a wurin?"

"Ba kowa, Mis Ozella. Dutsen na soso ne."

"Ba kowa." Ta jinjina kai. "To Tobin fa? Me aka bar masa?"

"Na ɗan lokaci ne kawai. Mun mayar da su duka, kowanne inda yake, na ɗauki hoto kafin..."

"Ban tambaye ki hoto ba. Lokacin da wannan yaron yake kuka, ɗana yana kwance ba komai a kansa?"

Twila ta ce, "E."

Ba faɗa a muryar tsohuwar, da ma faɗan ta yi da ya fi sauƙi. Ta ce, "Tun da na sa shi a ƙasa ban taɓa barinsa haka ba a makon furanni. Ko shekarar da aka yi mini aiki, a kujera aka ɗauke ni aka kai." Ta nemi jakarta, wata ta taimaka mata ta miƙe, ta fita ba ta dubi teburin abinci ba. Wasu suka bi ta. Ba wanda ya kalli Verna, wannan rashin kallon kuwa shi ne abin da Twila ta kasa jurewa. Uwar tana zaune a layin gaba da sabon gyaran gashinta, bayanta a miƙe, tana kallon allon da ya riga ya yi baƙi.

Twila ta mayar da uwar gida. Verna ta sa kajin a firji, ta cire rigar bikin ta rataye, ta shiga ɗaki da sauran rana.

Da safe Twila ta fito ta same ta a shirye, da rigar coci ta kullum da jaka da sanda.

"Ɗauko mabuɗin motarki. Za ki kai ni unguwa."

Gidan Fasto suka fara zuwa. Twila ta kashe mota ta kama ƙofa za ta fita.

"Zauna."

"Mama, ni na yi. Ni ya kamata in shiga in ba su haƙuri."

"Ke me kika yi musu alkawari? Ni na tashi a gabansu." Verna tana kokawa da bel ɗin kujera, ba ta dube ta ba. "Ke aiki ya kawo ki, kin yi aikinki, ya kuma yi kyau, na gani. Baƙo ba ya bin gidaje a garin nan. Ki jira ni a mota."

Baƙo. Twila ta saki ƙofar.

Tana zaune ta ga uwar ta miƙa wa Fasto mabuɗin maƙabarta a bakin ƙofa, shi yana turewa, ita tana girgiza kai, har ta ajiye masa a kan dakali ta juyo. Daga nan gidan Mis Nadine, sai gidan matar Clovis, sai na gaba. Ko'ina Verna ta sauka da ƙyar, ta hau matakala da ƙyar, ta daɗe ko ta yi sauri, ta dawo ta faɗi sunan gida na gaba. Ashe tun a ɗakin taro ta ƙirga furannin da idonta, ba ta tsallake kowa ba. Twila ba ta da abin yi sai tuƙi da kallo ta gilashi. Kunya da baƙin ciki suka taru suka danne ta, ga wata irin gajiya da barci ba ya maganinta.

Gidan Mis Ozella ne na ƙarshe, can ƙarshen hanyar tsakuwa. Rana ta take. Verna ta hau matakalar baranda tana hutawa a kowace, ta ƙwanƙwasa. Shiru. Ta sake ƙwanƙwasawa, ta ce, "Ozella, ni ce." Labulen taga ya ɗan motsa, ya koma. Ƙofar ba ta buɗe ba.

Twila ta sauke gilashi. "Mama, zo mu tafi. Ma dawo gobe."

Verna ba ta waigo ba. Ta daɗe a tsaye, dafe da sandarta. Sannan ta ja wata tsohuwar kujera da ke barandar, ta juya ta ta fuskanci ƙofar, ta zauna a hankali. Ta jingina sandar a bango, ta ɗora jakarta a cinya, ta gyara zama irin na wanda ba yanzu zai tashi ba.